Sharaɗi ko Sababi: Matsayin Kuɗi a Sakamakon Makarantun Firamare na Talakawa

Tambayar da ta daɗe tana raba kan masana ilimi da masana tattalin arziki ita ce ko kuɗin da ake kashe wa makarantar firamare yana da hannu a abin da yaro ke iya karantawa da lissafawa idan ya kammala ta, musamman a unguwannin da talauci ya yi wa katutu. A zahiri tambaya ce ta ƙididdiga, wadda ake sa ran alƙaluma za su warware ta, amma a ƙarƙashinta akwai wata mas'ala ta falsafa da ta girme ta nesa ba kusa ba, wato mas'alar alhaki: idan yaro ɗan shekara tara ya kasa karanta shafi guda, a wuyan wa abin yake rataye, kuma da wane ma'auni ya halatta a yi wa malaminsa da makarantarsa hisabi? Amurka tana daga cikin ƙasashen da suka fi daɗewa suna wannan muhawara a gaban kotuna da cikin rahotannin bincike, kuma tarihinta ya tara hujjojin ɓangarorin biyu har ya isa a gina nazari a kansa.

Tushen matsalar a can yana cikin yadda ake tara kuɗin makarantu. Gwamnatin tarayya ba ta bayar da abin da ya wuce kimanin kashi 10 cikin 100 a yawancin shekaru, sauran kuwa yana fitowa ne kusan rabi da rabi daga jihohi da kuma gundumomin makarantu, wato ƙananan yankunan da kowannensu ke da hukumar da ke kula da makarantunsa. Gunduma tana samun nata kason ne daga harajin kadarori, ma'ana harajin da ake ɗora wa gidaje da filaye da gine-ginen kasuwanci gwargwadon darajarsu. Abin da wannan tsari ya haifar a bayyane yake: unguwar da gidajenta ke da tsada tana tara kuɗi mai yawa da haraji mai sauƙi, unguwar talakawa kuwa ko ta matse kanta da haraji mai nauyi ba za ta kamo ƙafarta ba.

Misalin da ya fi shahara shi ne na gundumomi biyu a birnin San Antonio na jihar Texas. A gundumar Edgewood, inda mafi yawan mazauna 'yan asalin Meziko ne masu ƙaramin ƙarfi, darajar kadarorin da ke bayan kowane ɗalibi ba ta wuce dala 5,960 ba, alhali a Alamo Heights ta haura dala 49,000. Mutanen Edgewood suna biyan dala 1.05 a kan kowace dala 100 ta darajar kadara, na Alamo Heights suna biyan santi 85 kawai, amma duk da haka harajin Edgewood dala 26 ya samar wa kowane ɗalibi a shekarar karatu ta 1967 zuwa 1968, na Alamo Heights kuwa dala 333. Bayan an haɗa da tallafin jiha da na tarayya, ɗan Edgewood ya tashi da dala 356, ɗan Alamo Heights da dala 594. Waɗannan alƙaluma suna da muhimmanci ga mai nazarin adalci domin sun rushe wata hujja da ake yawan kawowa, cewa talakawa ba su damu da karatun 'ya'yansu ba: ga waɗanda suka fi ɗora wa kansu nauyi, ga shi kuma su ne suka fi samun kaɗan.

A shekarar 1968 wasu iyaye a Edgewood, cikinsu har da Demetrio Rodriguez wanda shari'ar ta ɗauki sunansa, suka kai ƙara, kuma a 1973 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu cewa ilimi ba ya cikin haƙƙoƙin asali da kundin tsarin mulkin tarayya ya kare, saboda haka tsarin Texas bai saɓa masa ba. Mai shari'a Lewis Powell, wanda ya rubuta hukuncin masu rinjaye, ya jingina da cewa masana kansu ba su daidaita a kan ko yawan kuɗi yana inganta ilimi ba. Mai shari'a Thurgood Marshall, a nasa ra'ayin na saɓawa, ya yi wata lura da har yau ba a ba ta gamsasshiyar amsa ba, cewa idan da gaske kuɗi ba ya da tasiri, to da wuya a gane dalilin da ya sa gundumomin masu arziki suka tashi haiƙan suna kare tsarin da ke ba su rinjayen kuɗin.

Shakkar da Powell ya jingina da ita tana da asali mai ƙarfi. A 1966 masanin zamantakewa James Coleman da abokan aikinsa suka fitar da rahoton wani bincike da dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta umarci a yi, wanda ya shafi ɗalibai sama da 600,000 a makarantu kimanin 4,000, kuma suka gano cewa bambancin sakamakon yara ya fi bin yanayin gidajen da suka fito da irin yaran da suke zama aji ɗaya da su, fiye da bin yawan littattafai ko kyan gini ko kuɗin da aka kashe. Daga baya masanin tattalin arziki Eric Hanushek ya tattara bincike masu yawa a shekarun 1980, ya ce babu wata tsayayyiyar dangantaka tsakanin kashe kuɗi da sakamakon jarrabawa. Sai kuma abin da ya faru a Kansas City ta jihar Missouri, inda daga 1985 wani alƙalin tarayya, Russell Clark, ya tilasta kashe kuɗin da suka kai kimanin dala biliyan 2 cikin shekara goma sha wani abu, aka gina makarantu na gani na faɗa, har da mai katafaren wurin ninƙaya, amma sakamakon yara bai motsa yadda aka zata ba. Duk wanda ke son gaskiya dole ya karɓi waɗannan hujjoji da hannu biyu, domin ba ƙage ba ne.

Sai dai kuskuren da aka yi wajen fassara su kuskure ne na mantiƙi, kuma malaman usulul fiƙhu, wato ilimin ƙa'idojin da ake fitar da hukuncin shari'a da su, sun daɗe da tanadin kalmomin da ke warware shi. Sun bambanta abubuwa uku: sababi, da sharaɗi, da mani'i. Sababi shi ne abin da samuwarsa ke wajabta samuwar hukunci, rashinsa kuma ke wajabta rashinsa, kamar yadda karkatar rana daga tsakiyar sama ke wajabta sallar azahar. Sharaɗi shi ne abin da rashinsa ke wajabta rashi, amma samuwarsa ba ta wajabta komai, kamar alwala, wadda babu salla sai da ita, amma mutum yana iya yin ta ya koma ya zauna bai yi sallar ba. Mani'i kuwa shi ne abin da samuwarsa ke hana hukunci aukuwa ko da sababi da sharaɗi sun cika, kamar yadda kisan kai ke hana wanda ya yi kisan gadon wanda ya kashe. Idan aka ɗora muhawarar kuɗin makaranta a kan wannan ma'auni, za a ga cewa ɓangarorin biyu sun shafe shekaru suna jayayya ne a kan ko kuɗi sababi ne, alhali matsayinsa na sharaɗi ne. Kansas City ta tabbatar da cewa samuwar kuɗi ba ta wajabta samuwar ilimi, kuma wannan shi ne rabin ma'anar sharaɗi. Amma babu yadda za a yi a fitar da ɗaya rabin daga cikinta, a ce tunda mai alwala bai yi salla ba, to marar alwala ma sallarsa ta yi.

Akwai kuma wata matsala a cikin ƙididdigar kanta. Tun daga 1965, lokacin da shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar ilimin firamare da sakandare, wadda sashenta na farko ya keɓe tallafin tarayya ga makarantun da ke da yawan 'ya'yan talakawa, wani ɓangare na kuɗi yana bin rauni ne da gangan. Saboda haka mai binciken da ya ɗauki hoton makarantu a shekara guda zai tarar da ƙarin kuɗi da ƙarancin sakamako zaune wuri ɗaya, kuma idan bai yi hattara ba sai ya yanke hukunci irin na wanda ya zaga gari ya ga an fi tara magunguna a ɗakin majinyata, ya ce magani ba ya warkarwa. Hanyar kauce wa wannan ita ce a nemi wuraren da kuɗi ya ƙaru saboda wani dalili na waje wanda bai da alaƙa da halin ɗaliban, kuma hukunce-hukuncen kotunan jihohi sun samar da irin wannan dama, domin sun tilasta ƙarin kuɗi a wasu jihohi a wasu shekaru, ba su tilasta a wasu ba. Da wannan hanya Kirabo Jackson da Rucker Johnson da Claudia Persico suka bi rayuwar yara har girmansu, kuma a binciken da suka wallafa a 2016 suka gano cewa ƙarin kashi 10 cikin 100 na kuɗin da ake kashe wa ɗalibi, idan ya ɗore shekara 12 ta karatu, yana ƙara wa ɗan talaka kusan rabin shekara na zama a makaranta, ya ɗaga abin da yake samu a girmansa da kusan kashi 10 cikin 100, ya kuma rage yiwuwar ya rayu cikin talauci. Abin lura shi ne inda kuɗin ya shiga: rage yawan yara a aji, ƙara albashin malamai, da tsawaita kwanakin karatu. Wannan ya yi daidai da gwajin da jihar Tennessee ta yi daga 1985 zuwa 1989, inda aka rarraba ƙananan yara ta hanyar ƙuri'a tsakanin aji mai yara 13 zuwa 17 da aji mai 22 zuwa 25, aka ga 'yan ƙaramin aji sun fi, kuma amfanin ya fi yawa ga yara baƙar fata da 'ya'yan marasa ƙarfi. Idan ana neman sababin koyo, to shi ne haɗuwar malami mai sani da yaro mai natsuwa na tsawon lokacin da ya isa. Kuɗi shi ne abin da ke sa wannan haɗuwa ta yiwu, kuma wurin ninƙaya ba ya cikinta.

Gaskiyar da ke cikin rahoton Coleman tana samun gurbinta ne a babin mani'i. Yunwa, da ciwon da ba a yi magani ba, da idon da ke bukatar tabarau, da yawan tashi daga gida zuwa gida saboda kuɗin haya, da rashin babban da zai zauna da yaro ya ji karatunsa da dare, duk abubuwa ne da samuwarsu ke hana koyo ko da malami da aji sun samu. Amurka ta amince da wannan a aikace tun 1946 da ta kafa dokar ciyar da 'yan makaranta, har ta kai masu bincike sun daɗe suna auna talaucin makaranta da yawan yaran da suka cancanci abincin kyauta ko mai rangwame. Abin da ya kamata a fahimta daga nan shi ne ɗan talaka ya fi ɗan mai kuɗi tsadar koyarwa, domin kafin a fara da shi sai an kawar da abubuwan hanawa waɗanda gidan mai hali ya riga ya kawar da kuɗinsa. Wanda ya karanta Coleman ya ce tunda gida ne ke da rinjaye to a bar makaranta yadda take, ya juya hujjar ne ta baibai.

Daga nan ne mas'alar alhaki ke buɗewa. Sanannen abu ne a fiƙhu cewa taklifi, wato ɗora wa mutum wajibi, yana rataye ne da iko: aikin hajji bai wajaba a kan wanda ba shi da halin zuwa ba, kuma wanda ba ya iya tsayuwa yana salla a zaune. Masana falsafar Turai ma suna da irin wannan ƙa'ida, wadda ake dangantawa ga Immanuel Kant, cewa wajibi ba ya hawa kan wanda ba zai iya ba. Dokar ilimi da shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a farkon 2002 ta wajabta a riƙa yi wa yara jarrabawar karatu da lissafi kowace shekara daga aji 3 zuwa aji 8, ta ɗora burin cewa kowane yaro zai kai matakin ƙwarewa zuwa 2014, ta kuma tanadi matakan horo ga makarantar da ta yi ta gazawa, har zuwa sauya ma'aikatanta. Niyyar ba ta da laifi, kuma dokar ta yi wani alheri da bai kamata a manta ba, domin ta tilasta a riƙa fitar da sakamakon 'ya'yan talakawa daban, yadda ba za a ɓoye shi cikin jimillar makaranta ba. Amma ta ɗora taklifi iri ɗaya a kan masu iko daban-daban, kuma idan aka matsa wa mutum ya kawo abin da ba shi da hanyar samu, sau da yawa kamanninsa zai kawo. A birnin Atlanta binciken jiha na 2011 ya gano cewa malamai da shugabannin makarantu 178 a makarantu 44 suna da hannu a gyara amsoshin yara, kuma a 2015 kotu ta sami 11 daga cikin waɗanda aka gurfanar da laifi. Wannan ba ya wanke su, domin yaron da aka rubuta wa makin da bai ci ba an hana shi taimakon da makinsa na gaskiya zai jawo masa. Yana dai nuna cewa alhakin bai tsaya a kansu kaɗai ba, kuma wanda ya riƙe ma'auni shi ma abin aunawa ne.

Idan an yarda kuɗi sharaɗi ne, sai a tambayi nawa ne adalci. Amsa ta farko ita ce daidaito, wato kowane yaro ya sami abin da ɗan'uwansa ya samu, kuma a kanta aka gina ƙararrakin farko, kamar wadda kotun ƙolin California ta yanke a 1971. Amsa ta biyu ita ce wadatarwa, wato kowane yaro ya sami abin da zai ishe shi ya kai wani mataki na sani, kuma ita ce kotun ƙolin Kentucky ta ɗauka a 1989 lokacin da ta ce ɗaukacin tsarin makarantun jihar ya saɓa wa kundin tsarin mulkinta. Daidaito yana da rauni biyu: ana iya cim masa ta hanyar rage wa kowa, kuma yana ba mai ƙishirwa da wanda ya ƙoshi moɗa iri ɗaya. Tun zamanin Aristotle aka san cewa rabon adalci yana bin gwargwado ne, kuma ita kanta zakka ba a raba ta ga duk mutanen gari daidai wa daida, an keɓe ta ne ga rukuni takwas na mutane. Wadatarwa ta fi kusa da hankali, sai dai ita ma tana da gurgunta, domin ilimi ba kamar abinci ba ne da ƙoshin wani ba ya rage ƙoshin wani. Gurbin jami'a da gurbin aiki ana gasa ne a kansu, saboda haka yaron da ya sami abin da ya wadatar yana iya zama a baya har abada idan abokin gasarsa ya sami ninki uku. John Rawls, a littafinsa na 1971 kan adalci, ya tsaya a kan cewa yara biyu masu baiwa ɗaya da himma ɗaya ya kamata su sami dama ɗaya ko da wane gida aka haife su, domin babu wanda ya zaɓi gidan haihuwarsa balle a ce ya cancance shi.

Akwai ƙorafi mai nauyi a kan wannan matsayi, kuma bai dace a wuce shi da gaggawa ba. Uba yana da haƙƙin ya fifita ɗansa da abin da ya samu da guminsa, kuma al'ummar da ta hana shi wannan ta taɓa wani abu mai zurfi a cikin ɗabi'ar ɗan Adam. Haka kuma mutane sun fi sakin hannu wajen biyan haraji idan suna ganin makarantar da kuɗinsu ya gina a bakin titinsu. Amma ƙorafin yana cakuɗa abu biyu. Abin da uba ya saya wa ɗansa daga aljihunsa, na littafi ko na malamin gida, nasa ne. Makarantar gwamnati kuwa hukuma ce ta kafa ta, ita ta zana iyakar gunduma, ita ta tilasta haraji, ita ta wajabta wa yaro zuwa, saboda haka bambancin da ke cikinta aikin hukuma ne, kuma ba za a kira shi ƙaddara ko ƙoƙarin iyaye ba.

Irin wannan tsari na rataye rabon yaro da halin wurin da yake zaune ba baƙo ba ne a Nijeriya, ko da yake siffarsa ta bambanta. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta keɓe kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na tarayya ga ilimin matakin farko, amma ta shar'anta cewa jiha ba za ta karɓi babban kasonta ba sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta. Hikimar ita ce a hana jihohi naɗe hannu, sai dai shekara da shekaru ana samun kuɗin wasu jihohi kwance ba a ɗauka ba, kuma wanda ke biyan farashin sakacin gwamna ko talaucin jiha shi ne yaron da ke zaune a ƙasa cikin aji mai ɗalibai fiye da ƙima, wanda ba shi da ta cewa a ko ɗaya daga cikin biyun.

Wani ɓangare na mas'alar da ma'aunin kuɗi ba ya kamawa shi ne lokaci. Bashin kuɗi ana biyansa a makare kuma ya biyu, amma shekarun da yaro ke koyon haɗa baƙi da wasali ƙididdigaggu ne, kuma wanda ya wuce aji uku bai iya karatu ba yana shiga darussan da duk an gina su a kan zaton ya iya, sai gibin ya riƙa faɗaɗa kowace shekara. Iyayen Edgewood da suka sha kaye a 1973 sun koma ta kotunan jiha, kuma a 1989 kotun ƙolin Texas ta yanke hukunci, ba tare da ko alƙali ɗaya ya saɓa ba, cewa tsarin kuɗin makarantun ya saɓa wa kundin tsarin mulkin jihar, sannan a 1993 majalisar jihar ta kafa dokar da ke karɓar wani kaso daga gundumomin masu arziki ana raba wa na talakawa. Tsakanin shigar da ƙarar farko da wannan doka shekara 25 ce, wato yaran da aka kai ƙarar dominsu sun riga sun bar makaranta da daɗewa, kuma rukuni huɗu na 'yan firamare sun shiga aji ɗaya sun fita daga aji na ƙarshe a jere kafin dokar ta fara aiki.